Gyarar Malam Mahdi

Da Hindatu ta gaya wa mahaifinta ta samu shiga mastar a fannin kasuwancin ƙasa da ƙasa, Malam Mahdi bai ga abin guɗa a ciki ba. Shekara talatin yana aika albasa daga fadamar Galma zuwa Abijan da Kumasi, kuma bai taɓa zama a aji ba. Ya dai ce Allah ya ba da sa'a, in sun gama koya mata ta zo ya duba.

Shekara biyu ta yi a Yamai tana shan karatu. Ya rage saura kundin kammalawa, da ranar da za ta tsaya gaban malamai uku ta kare shi. Ita kuwa Hindatu ba ta iya ɗaukar abu da sauƙi ba, sai ta ƙi rubutun zaune. Ta ce za ta aika albasar garinsu kai tsaye zuwa wani babban kanti a Abijan, babu dillali a tsakani, ta rubuta yadda aka yi. Malaminta ya yarda, amma ya ja mata kunne: in kaya ba su shiga kantin kafin ƙarshen Afrilu ba, babu abin da za ta kare a Yuli, sai dai ta maimaita shekara.

Matar da ke saya wa kantin kaya ta aiko da sharaɗinta a rubuce. Ƙananan buhunan raga take so, ɗari huɗu, kowane kilo ashirin da biyar cif, da takardar shaida a bakinsa.

To, a Adar, yankin su Galma, ba a san buhun albasa da kilo ba. Ana cika babban buhu har baki, a ɗora masa tuli a kai, a rufe da guntun buhu a ɗinke. Tulin nan shi ake ce wa hula. Hindatu ta yi babi guda a kan hula, shafi ashirin, inda ta nuna cewa da ita ake kwashe wahalar manomi a banza. Ba ta karanta wa babanta babin ba, don tana da hankali.

Kwana uku ta yi ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da sikeli, ita da matan gida, suna aunawa suna ɗaurewa. In raga ta haura da albasa ɗaya, sai ta cire ta nemo ƙarama. Malam Mahdi yana zaune a bakin rudu, rumfar ajiyar albasarsa, yana kallo bai ce uffan ba. Da ta san babanta yadda take zato, da shirun nan ya isa ya hana ta tafiya. Amma ranar Laraba ta hau mota zuwa Ƙonni, wurin mai yi mata takardun fito, aka rubuta tan goma, aka buga hatimi.

Alhamis da hantsi ta dawo, ta tarar babbar motar Barnabas ta riga ta iso. Barnabas direba ne daga unguwar asibitin mishan, shekara goma sha biyu yana ɗaukar kayan Malam Mahdi. Shi ya fara ɗaga raga ɗaya don ya nuna wa masu lodi yadda za su jera. Ya ɗaga, ya ajiye, ya sake ɗagawa.

"Malama," ya ce, "wagga ta hi ashirin da biyar."

Hindatu ta yi dariya, ta ce hannunsa ne ya tsufa. Aka ɗora a sikeli: ashirin da shida da rabi. Aka ɗora wata, ashirin da bakwai. Sai a lokacin ta lura ɗaurin bakin ragar ba nata ba ne.

"Baba, wa yat taɓa kayan ga?"

"Ni na," in ji Malam Mahdi, hankali kwance. "Ni da maƙwabta, jiya wuni munka yi. Kin ɗaure su kamar kayan marowaci. Shida shida munka ƙara, ba yawa. Matar ga ba ta san mu ba, karon hwarko na. Ƙaƙa za ta buɗe kaya ta ga ba ko gyara? Mi za ta ce da mutanen Galma?"

"Baba, takarda ta ce tan goma. In anka hau da mota bisa sikeli bakin iyaka anka ga ta hi, tsai da ta za a yi. Kwana ukku cikin rana, albasa ta ruɓe. Ko ta isa, kanti ba su amsar ragar da ta saɓa ma abin da anka rubuta bakinta."

"Don an ƙara musu?"

"Don an ƙara musu."

Malam Mahdi ya dubi Barnabas, ya dubi maƙwabtan da suka zo ganin lodi. "Wane irin mutane na waɗanga?"

Aka yi dariya. Dariyar nan ce ta kwance wa Hindatu harshe, don ita shekararta take gani tana zubewa, su kuwa raha suke yi. Ta ce, da ƙarfi, a gaban kowa: "Hular ga da kaka alhwahari da ita, da ita dillalai sunka shekara talatin suna cutar ka. Na rubuta shi, shahi ashirin!"

Malam Mahdi bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne.

"Wadda dillali ka amsa, na san ta. Ba sai takarda ta gaya mini ba. Wagga ni nab ba da, babu wanda yat tambaye ni."

Ya koma bakin rudu ya zauna, ya juya wa motar baya. Kunya ta kama Hindatu tun daga ka har ƙafa. Gaskiya ta faɗa, amma ba a wurin faɗinta ba, kuma ta san haka.

Barnabas ya duba rana ya ce shi dai la'asar zai tashi, da kaya ko babu kaya. Ba ta da zaɓi. Ta zauna gaban sikeli, matan gida suka dawo, aka shiga kwance raga ɗari huɗu ɗaya bayan ɗaya. Duk albasar da aka cire ana zuba ta a tabarma. Tun tulin yana ƙarami har ya kai ƙugu, kuma babu ruɓaɓɓiya ko ɗaya a ciki. Da gani ka san zaɓa aka yi, ba kwasa ba.

Wajen azahar, tana cikin ɗauri, sai ta tuna wani darasi na shekarar farko, darasin takardun fito, wanda rabin aji ke gyangyaɗi a cikinsa. Akwai layin da ake rubuta samfuri, kayan da aka ba mai saye kyauta ba don sayarwa ba. Ta kira mutumin Ƙonni. Ya ce zai iya ƙara layin in mota ta biyo ta wurinsa, amma kada ta wuce raga huɗu, fiye da haka ba wanda zai yarda samfuri ne.

Ta je ta durƙusa a bakin rudu.

"Baba, ka yi mini gahwara. Gyararka za ta tahi, amma ba cikin kaya ba. Ragarta daban, da layinta cikin takarda. Sai dai huɗu kaɗai anka yarda."

Ya dubi tulin da ke tabarma, wanda zai cika raga ashirin da wani abu. "Huɗu."

"Huɗu, Baba."

Daga nan ya tashi, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna gaban tabarmar. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka, ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya murza ɓawon kusa da kunne, ya sa a raga ko ya mayar. Barnabas ya yi ta zagaya mota yana tsaki, amma bai hura oda ba. Aka yi la'asar, aka kusa magariba, kafin raga ta huɗu ta cika.

"Mi za a rubuta bakinsu?" in ji Malam Mahdi.

"Kyauta, ba ta sayarwa ba."

"Sa sunana."

Ta sa.

Kaya suka shiga kanti saura kwana biyar Afrilu ya ƙare. A Yuli Hindatu ta tsaya gaban malamai uku. Babin hula yana nan yadda yake, don ba ta ga ƙarya a cikinsa ba, sai dai ta ƙara masa shafi biyu a ƙarshe, kuma a kan shafi biyun nan aka fi yi mata tambaya. Da ta fito, tun kafin ta cire takalman da suka matse ta, ta kira gida.

"Baba, an gama. Na—"

"Tsaya. Matar ga ta Abijan, ta ga gyarar?"

Abin ya ɗan sosa mata rai. Wata uku bai tambaya ba, sai yau. Ta kuma san amsar, don Barnabas ya gaya mata tun dawowarsa, ita ce ta ɓoye, don kada ya ji wasu sun salwanta.

"Ukku sun tahi bisa hanya, Baba. Duk shingen jami'ai da anka karanta kalmar kyauta, sai an sauke ɗaya. Ta huɗu Barnabas ya ɓoye ta bayan kujeratai, ya miƙa mata hannu da hannu. Ta ce ba ta taɓa ganin irin ta ba. Gida tak kai ta, ba ta bar ma kanti ba. Ta ce a gaida mai gona."

Ta ji numfashinsa a waya, da kukan akuya can nesa.

"Ta karanta sunan?"

"Ta karanta."

"To, alhamdu lillahi," in ji Malam Mahdi. "Wata ukku ina tsoron tambaya, kar in ji na ɓata miki. Yanzu gaya mini, ɗiyata, ke ƙaƙa sunka yi da ke?"