Ranar da Muka Auna Kumatu

Mijina aikinsa auna nauyin abin da ba ya hawa sikeli. Taurari kan taru garke-garke, garkunan su sake haɗuwa su yi gungu. A tsakaninsu akwai iskar gas mai tsananin zafi da ke fitar da hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti. Daga zafin gas ɗin yake lissafa nauyin gungun, domin sai abu mai nauyi ne zai iya riƙe gas mai zafi haka bai tsere ba.

Ban taɓa yi masa gardama ba sai ranar da 'yarmu, wadda muke kira Kumatu, ta tashi da zazzaɓi. Na kira likita a waya, ta ce a ba ta sirop daidai nauyinta. Mu kuwa ba mu da sikeli.

"Kawo ta nan," in ji shi, yana naɗe hannun riga. "Tsawonta da faɗin cikinta kawai nake bukata."

"Baban Kumatu, idan ka auna taurarinka, kuskuren nawa kake yi?"

"Kashi ashirin cikin ɗari. Har tafi ake yi mini."

"To a yi maka tafin a can. Wannan ni na haife ta."

Na saɓa ta a kafaɗa muka nufi kemis ɗin bakin titi, yana biye da mu da tef ɗin awo a wuya. Mai kemis ya jawo sikelin manya daga ƙarƙashin kanta. Muna zaunar da ita ta fara shure-shure, allurar sikelin na rawa.

Mijina har da murmushi. "Kin gani? Haka gungun yake yi mana. In gas bai natsu ba, lissafi ya rushe."

"Ni ba darasi na zo ɗauka ba."

Ya ce a wurin aikinsu sukan auna komai tare, su cire hasken da ba na gungun ba. Sai ya karɓe ta ya hau sikelin. Ta kama tef ɗin tana tauna, ta yi luf. Kilo tamanin da tara.

"Yanzu hau kai kaɗai, Malam," in ji mai kemis.

Nan ya fara kame-kame. Wai ya san nauyinsa, saba'in ne cif.

"Wato 'yata kilo goma sha tara ce, ko tafiya ba ta fara ba? Hau!"

Ya cire takalmi, ya cire agogo, ya ajiye makullai, ya tsuke ciki, ya hau. Tamanin da ɗaya.

"Kilo takwas," in ji mai kemis, yana danne dariya. Ya zuƙo sirop a sirinji, na duba layin da idona kafin na yarda. Kumatu ta haɗiye, ta ɓata fuska, ta kwantar da kai a ƙirjina.