Kabarin da Aka Auna da Kara

Dela ta rasu ranar Laraba bayan la'asar, a bazarar shekarar da aka daina fam aka koma naira. Mijinta Halliru ya zauna a bakin gado yana jiran kuka ya zo masa. Kuka bai zo ba. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne ba a ba akuya ruwa ba, sai ya tashi ya ba ta, ya dawo ya ci gaba da zama.

Halliru shi ne mai bisharar ƙauyen, wani ƙaramin ƙauye a gindin duwatsun Roni. Da can duk Maguzawa ne. Bayan samun mulkin kai yawancinsu suka musulunta, har da Mamuda, yayan Dela, 'yan gidaje kaɗan kuma suka bi mishan. Tun daga lokacin Halliru yake hawa keke yana bin kasuwanni, Roni, Gwiwa, wani lokaci har Kazaure, yana kafa hujjojinsa uku a kan cewa Yesu ya tashi daga matattu. A duk shekarun nan mutum ɗaya ne ya taɓa biyo shi gida daga kasuwa, shi ma famfon keke ya zo aro.

Dela ce babba ta farko da ta mutu a cikin Kiristocin ƙauyen. Saboda haka Fasto Bitrus, mutumin kudancin Zariya da ke kula da ikilisiyoyin yankin, ya ce sai an yi komai yadda ya kamata. Ya hau sabon baburinsa ya nufi Kazaure neman kafintan da zai yi akwatin gawa. Shi kuwa Mamuda ya shigo ɗakin, ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, “Haƙa tawa ce. Ƙanwata ce.” Ya ɗauko karan dawa ya auna tsawonta, ya karya ragowar, ya fita da shi. Halliru ya gan shi, ya gyaɗa kai. A ranar nan, ko da an ce masa a kwashe rufin ɗakin ma, gyaɗa kai zai yi.

Da hantsin Alhamis akwatin ya iso a bayan tifar masu aikin titi, direban ya sauke ya wuce. Katako ne sabo, yana ƙamshi, kafintan har ya yi masa ado a gefe. Mata suka yi mata wanka, suka naɗe ta da farin ƙyalle, aka sa ta ciki aka ɗauka.

Filin da mai gari ya ba Kirista don binne matattunsu fili ne da ba wanda ya taɓa rigima a kansa, domin dutse ne zalla. Mamuda da mutanensa sun sha wuya kafin su samo wata 'yar tsaga mai ƙasa tsakanin falalen dutse biyu. A nan suka haƙa, kuma haƙar ta yi kyau. Sun yi uwa, a tsakiyarta suka zurfafa ɗa, siririn ramin da gawa ke kwanciya a gefen dama, daidai kafaɗa. Itatuwan rufi suna jere a gefe, ga ƙasa an kwaɓa.

Masu ɗauka suka sauke akwatin a bakin ramin. Kowa ya dubi akwatin, ya dubi ramin.

“Yaya Mamuda,” in ji Halliru, “wannan fa?”

“Kabari.”

“Na ga kabari ne. Ta ina akwatin zai shiga?”

“Shiga ina?” Mamuda ya share gumi da gefen riga. “Ba makararku ba ce? Ai na ɗauka a ciki za ku kawo ta, a ciro ta, a mayar da abin gida.”

“Da shi ake binnewa,” in ji Fasto.

“Katakon duka? Sabo fil?”

Ba wanda ya yi dariya, sai wani tsoho, Baba Kura, mai sayar da kanwa, da ya yi tari irin na wanda ya haɗiye ta.

Aka ce a faɗaɗa. Mamuda ya sauka da diga ya kai sara a gefe, diga ta yi tsalle, wuta ta yi tartsatsi. Ya juya ɗaya gefen, haka. Wani ya ce a sake wuri. Mamuda ya nuna filin da hannu, ya ce duk wanda ya ga ƙasa ya nuna masa, in an dace gobe da yamma a gama. Dela kuwa ta riga ta kwana, kuma rana ta bazara ce. Matan da ke tsaye nesa sun fara jan mayafi zuwa hanci, a hankali, don kada a lura.

Fasto ya ja Halliru gefe, gindin wata aduwa da ba ta da inuwar kirki.

“Malam, kada ka yarda. In muka ciro ta muka kwantar da ita a wannan ramin, kafin Juma'a labari ya kai Gwiwa cewa matar mai bishara ta yi shahada kafin ta cika. Za a ce danginta ne suka binne ta, mu muka tsaya kallo. Ka san gida biyu cikin namu ƙafarsu ɗaya a waje take. Me zan ce musu ranar Lahadi?”

“Gaskiya ne, Fasto.”

“A mayar da ita gida, a jiƙa buhuna a rufa. Gobe a sake haƙa.”

“Gobe,” in ji Halliru, yana kallon matan.

“Ni dai ba zan buɗe baki a kan wannan ramin ba. Na faɗa maka.”

Halliru bai ga laifinsa ba. Mutumin ya yi tafiyar Kazaure cikin rana, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Halliru ya leƙa cikin ransa ko zai sami bangaskiyar da yake rabawa a kasuwa, ya ji kamar ya zura hannu a rumbu bayan fari. Ba bege, ba baƙin ciki, ba ma fushi da Mamuda. Hujjojin dai suna nan a jere a kansa, yadda harshe ke riƙe waƙar da aka koya tun yarinta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya don ba shi da wani abin yi, sai ya tsaya a kan wani abu da ya sha faɗa bai taɓa kula da shi ba.

“Fasto, shi Ubangijin da kansa, a me aka binne shi?”

“Malam, ba lokacin makarantar Lahadi ba ne.”

“Ƙyalle aka naɗa masa. Aka sa shi cikin dutse, a kabarin da aka sara wa wani, da gaggawa don rana za ta faɗi. Shi da ya girma a gidan kafinta ma bai sami akwati ba.”

“Na sani. Ni maganar bakin mutane nake yi.”

“To bari mutanen su ji daga nawa bakin.”

Ya koma wurin Mamuda, wanda ke zaune a kan tarin ƙasa, kansa a sunkuye.

“Yaya, a ramin da ka haƙa za ta kwanta. Amma zan yi magana a kanta kafin a rufe, irin ta kasuwa. Kuma ba wanda zai tafi.”

Mamuda ya ɗago. “Hujjojin duka ukun?”

“Duka ukun.”

Mamuda ya dubi mutanensa, ya dubi rana, ya ce, “To.”

Aka ɓalle murfin. Halliru da Mamuda suka sauka, aka miƙo musu ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya lura da shi ke nan, sai kuma cewa ƙyallen ya yi gajere wajen ƙafa. Ramin bai yarda da wata kwanciya ba sai ta gefen dama, fuska gabas. Suka kwantar da ita, suka fito.

Halliru ya tsaya a bakin kabarin. Muryarsa ta fito a shimfiɗe, kamar mai sanar da cigiyar jaki.

“Jama'a, wannan Dela ce, Kirista ce, a kan haka ta cika, ina wurin. Ramin na yayanta ne, ita kuwa ta Yesu ce. Ku ma kun yarda za a tashi. Bambancinmu, mu mun ce an riga an fara da mutum ɗaya. Na farko, an binne shi, an sa masu gadi, aka wayi gari kabarin ba kowa. Waɗanda suka kashe shi suna da sojoji, suna da hukuma. Da gawar tana hannunsu, fito da ita kawai za su yi kowa ya koma gida. Ba su fito da ita ba.”

“Ai ba shi aka kashe ba,” in ji Baba Kura, wanda ya saba tare shi a daidai wannan gaɓar duk ranar kasuwa.

“Baba, a bari sai kasuwar Roni ta ci,” in ji Mamuda, bai ko waiwaya ba.

“Na biyu,” Halliru ya ci gaba, “mata ne suka fara gani. Wanda zai shirya ƙarya a wancan zamanin ba zai ɗora ta a kan shaidar mata ba, ya san ba za a karɓa ba. An bar labarin haka ne don haka ya faru. Na uku, almajiransa matsorata ne. Ranar da aka kama shi gudu suka yi, babbansu ya rantse bai san shi ba. Bayan 'yan kwanaki mutanen nan suka fito fili suna cewa sun gan shi, sun ci abinci da shi. Aka yi musu bulala, aka ɗaure su, aka kashe wasu, ba wanda ya janye. Mutum yana iya mutuwa a kan abin da aka ruɗe shi da shi. Amma wanda ya ɓoye gawa da hannunsa ba zai ba da wuyansa a kan ta tashi ba.”

A nan yake tsayawa kullum, a fara gardama. Yau gardama ba ta taso ba, sai ya ji bakinsa ya ci gaba ba da izininsa ba.

“Ni yau ba na jin komai. Tun jiya nake nema, babu. In da da abin da ke raina za a tashe ta, to ta daɗe a kwance. Amma wancan kabarin bai tambayi yadda nake ji ba. Ko ina ji ko ba na ji, ba kowa a cikinsa. Wanda ya fito daga can ya san inda muka sa ta. Shi ke nan.”

Ya ja da baya. Mamuda ya sunkuya zai ɗauki itace na farko.

“Dakata, Malam Mamuda,” in ji Fasto Bitrus.

Ya baro gindin aduwar, ya zo ya tsaya ta wajen kanta, ya buɗe littafinsa. Musulmin suka ja baya kaɗan, suka haɗa hannu a baya, suka jira. Ya karanta, ya yi addu'a, matan coci suka ɗauki waƙa da muryoyin da suka bushe. Bai taƙaita komai ba, ya ma ƙara, yana ɗaga murya yadda na ƙarshen taro zai ji.

Da ya gama aka jera itatuwan a kan ɗan kabarin. Halliru ya durƙusa ya ɗebo kwaɓaɓɓiyar ƙasa yana liƙe tsakaninsu. Bai taɓa yin aikin ba, ƙasar tana zubewa ta ƙasa.

“Ba haka ba, mijin Dela,” in ji Mamuda. “Dunƙula ta tukuna. Ga wata kafa can wajen ƙafa.”

Halliru ya dunƙula, ya matsa ya toshe ta.