Almakashi a Jakar Hannu

Sau uku 'yarsa ta jaddada masa a waya: "Baba, almakashin nan cikin babban akwati za ka sa shi, ka ji? Ban da jakar hannu." Kuma Tela ya ji. Da kansa ya naɗe shi a tsohuwar riga ya cusa can ƙasan akwati, ranar da ya rufe shagonsa zai koma wurinta da zama.

Sikelin filin jirgi ne ya ɓata komai. Akwatin ya haura da kilo ɗaya da rabi, ga layi a bayansa ana ta ja masa tsaki. Ya durƙusa gaban kanta yana tonon kaya kamar mai neman allura. Ya zaro takalma da bargo ya miƙa wa ƙanensa da ya rako shi. Almakashin kuwa, hannunsa ne ya yi abin da ya saba yi shekara arba'in, ya jefa shi cikin ƙaramar jaka ba tare da ya shawarci kai ba. Akwati ya wuce. Tela har da korar ƙanen: "Tafi abinka, kada ka makara wurin aiki. Ni yaro ne?"

Sai a wurin bincike na'ura ta tona masa asiri. Wata jami'a, da ba za ta girmi 'yarsa ba, ta ɗago almakashin da yatsu biyu.

"Baba, wannan ba zai shiga jirgi ba."

"'Yata, ɗinki nake yi da shi. Dubi hannuna, na yi kama da mai yanka mutane?"

"Ba ka yi ba, Baba. Amma doka ba ta duba hannu." Ta nuna masa wani kati mai zane. "In bakinsa ya wuce nan, sai dai a bar shi."

Tela bai buƙaci gwadawa ba. Mutumin da ke kallon kafaɗa ya faɗi awonta, ya san bakin almakashin ya wuce zanen nesa ba kusa ba.

"To a sa mini a akwatina."

"Akwatinka ya tafi, kuma an rufe kanta."

Ya kira ƙanen, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, yana kan babur. Ya waiwaya baya: ƙofar gilashi ce mai buɗewa ta gefe ɗaya, ga mutane cunkus suna cire bel da agogo. Gaba kuma lasifika na kiran jirginsu. Gefen jami'ar akwai wata durowar roba da ake hango cikinta, cike da reza da ƙananan wuƙaƙe da kwalaben turare. Nan ake so ya jefa almakashin mahaifinsa, wanda da shi aka koya masa yanka, da shi ya yanka kayan makarantar 'yar da ke jiransa. Tsoro ya kama shi sosai. Ba tare da almakashin ba, me zai zama a can? Tsoho mai zaman falo, ana miƙo masa abin canja tasha.

"In na fasa tafiyar fa?"

"Sai ka fita da abinka. Amma jirgi ba zai jira ba, Baba."

Fita ina? Shago an ba wani, ɗaki an mayar da makulli. Ya tsaya riƙe da wandonsa da hannu ɗaya, don bel ɗinsa ma yana cikin farantin roba. Aka sake kiran jirgin.

Tun ɗazu wani zare ke lilo a hannun rigar jami'ar, kuma duk tashin hankalin nan bai hana idon Tela komawa kansa ba.

"Wa ya ɗinka miki rigar nan? Allah ya shirye shi. Miƙo hannunki."

Ta dubi abokin aikinta, ta dubi tsohon. Sannan ta tura masa almakashin, ta miƙa hannu. Ƙit! Zaren ya faɗi. Yankan ya fita tsaf, ko gezau ƙyallen bai yi ba.

Bai mayar mata nan take ba. A mariƙin akwai tsumman da marigayiya matarsa ta naɗa masa shekarar da babban yatsansa ya yi kanta. Ya yi baƙi, ya lotsa daidai wurin yatsan. Ya warware shi a hankali.

"Wannan fa, doka ta yarda?"

"Ta yarda, Baba." Muryarta ta yi ƙasa.

"Kada a bar almakashin a buɗe, bakin yana lalacewa," in ji Tela.

Ya rufe almakashin da kyau, ya sake shi cikin durowar da hannunsa. Ƙarar faɗuwarsa ta fi ta sauran tarkacen nauyi.

A doguwar hanyar shiga jirgi wata ma'aikaciya ta ga tsumman naɗe a yatsansa, ta tambaye shi ko ciwo ya ji. Tela ya ce mata e.