Barewar da Ta Ƙi Gudu

A gandun dajin da nake koyon aiki, abu na farko da Tsoho ya koya mini shi ne rufe baki. Ni kuwa a gidanmu Rediyo ake kirana.

"'Yata, marainiyar dabba ba a yi mata magana," ya ce, ranar da aka kawo 'yar barewar da mota ta kashe uwarta. "In ta saba da mutum, tata ta ƙare. Ko keji har mutuwa, ko ta je wa mafarauci da ƙafarta."

Tsoho shi ne babban mai kula da gandun, kuma ba ya faɗin magana sau biyu. Don haka kullum sai in zura buhu mai hujin ido a kaina, in sa safar hannu, in tura mata kwalbar madara ta tsakanin katakon shinge. In ta yi atishawa, in haɗiye sannuna. Da ta fara cin ciyawa, sai in jefa mata ta saman shinge in juya baya. Wallahi ban taɓa bin wata doka kamar yadda na bi wannan ba.

Da ta yi ƙarfi aka zo gwaji. Akan buɗe ƙofar shinge ne, mutum ya tsaya fuska a buɗe ya buga gwangwani. In ta ruga daji, ta tsira. Na cire buhu na buga. Ta ɗaga kunnuwa, ta shaƙi iska, ta taho gadan-gadan ta sa hancinta a tafin hannuna. Masu cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba su zo gandunmu ba.

"Warin jikinki ne," Tsoho ya ce a hankali. "Buhu ba ya rufe shi. Wata takan manta, wata ba ta mantawa."

"Baba, me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Da na gaya miki, fatar jikinki za ki sake?"

Haushi ya cika ni, na kuma rasa wanda zan ji haushinsa. Tsoho ya ce saura dabara ɗaya: in tsorata ta da kaina, ta yadda ba za ta ƙara yarda da ni ba.

Na yi mata tsawa, na buga ƙafa, na ɗebi tsakuwa na watsa mata. Ɗaya ta same ta a cinya. Ta yi tsalle gefe ta tsaya tana rawar jiki, ga daji nan a buɗe a bayanta. Na ƙara jifa ina kuka.

Sai ta zagayo tana ɗingishi, ta raɓe a bayana, tana ɓuya daga mai jifanta.

Tsoho ya tafi ɗauko igiyar da za a kai ta keji.