Tiyon Nakamfani

"Rufe ƙofar tukuna," in ji shi, ko sallamata bai amsa ba.

Na rufe. Dattijon yana durƙushe a gindin tayar baya ta tsohuwar jif ɗinsa, reza a hannu, koren tiyon ban-ruwa a kan cinyarsa. Yatsunsa biyu da jini. A ƙasa kuwa ga guntayen tiyo da ya riga ya ɓata, tsagar kowanne ta karkace kamar ɗinkin ɗan koyo.

Katanga ɗaya ce tsakanina da shi. Ya yi rayuwarsa yana tuƙa wa masu haƙa rijiyoyi mota a cikin daji, da ya ajiye aiki suka sallame shi da wannan jif. A layinmu ba mai kiran sunansa na yanka, kowa Nakamfani yake ce masa. Ko fitila ka saya ka nuna masa, sai ya juya ta, ya taɓe baki, ya ce, "Na kamfani ne?" Bakaniken layinmu ya sha wuya a hannunsa. Sau nawa yana mayar masa da kaya a gaban mutane, yana cewa motarsa ba ta cin jabu.

Ni kuwa tela ne, kuma shagona shi ne majalisar layin. Ba ni da zurfin ciki, kowa ya sani. Matata takan ce in ana so magana ta zaga unguwa kafin azahar, a gaya mini ita a ce sirri ce.

A saman kowace tayar jif ɗin akwai wani baƙin fiffike da yake tare taɓo da tsakuwa. Tsakanin fiffiken da jikin motar akwai siririyar roba, ita ke hana shi gogar fenti, ta kuma hana ruwa kwanciya ya kawo tsatsa. Robar ta tsufa ta rududduge. Tun bara in motar ta tsallaka kwatar bakin layi sai ka ji ƙiiƙi, ƙiiƙi, har muna yi masa tsiya a bayan idonsa. Yanzu ga fukafukan nan an kwance an jingine a bango, ga kuma Nakamfani da tiyon ban-ruwa.

Da na gane abin da yake shirin yi, sai dariya ta ƙwace mini. Na ɗauki guntun tiyo ɗaya, na juya shi, na taɓe baki irin nasa.

"Baba, na kamfani ne?"

Bai ɗago ba. Ya zuba wa rezar ido. A lokacin na lura da wuyan rigarsa, rigar da ni na ɗinka masa daidai jikinsa, yanzu hannu zai iya shiga tsakaninta da wuyansa. Dariyar ta yanke. Na ji kunya irin wadda ban san inda zan sa fuskata ba.

"Na aika an tambaya," ya ce a hankali. "Sun daina yi wa irin wannan motar. Sai dai a yi oda daga waje, wai wata biyu ko uku." Sannan ya ɗago. "Tela, dube ni da kyau. Ina da wata uku?"

Duk layin mun san yana zuwa asibiti, amma shi cewa yake yi gyambon ciki ne, mu kuma muka bar shi a haka.

"Auta zan bar wa motar," ya ce. Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, likitar dabbobi, kullum tana kan hanyar ƙauyuka. "Ba zan ba ta mota tana kuka kamar amalanke ba. Hannuna ya ƙi tsayawa. Kai ka iya yanka a miƙe."

Na naɗe hannun riga na zauna a ƙasa.

Ashe ba da tiyo ya fara ba. Ya nuna mini tiyub ɗin taya da ya yanka tsiri-tsiri, ya ce wannan rana ɗaya za ta dafa shi ya tsattsage. Ya nuna mini robar ƙofar tsohon firij, ta yi laushi da yawa, noti na matse ta sai ta tsere. Tiyon ne kawai ya ga zai yi. In aka tsaga shi a tsaye, bakinsa zai kama gefen fiffiken ya riƙe gam. Yana bayanin yana kallon ƙofa, kamar mai sayar da kayan sata.

Na gwada tsawon da tef ɗina, na ja layi da alli, na bi da reza. Shi yana riƙe da ƙarshen, ni ina tsagawa. A wajen lanƙwasa na yi ƙananan yanka kamar yadda nake yi wa wuyan riga don ya kwanta. Da muka gama sai ya jawo gwangwanin baƙin fenti daga ƙarƙashin motar, inda ya ɓoye shi.

"A shafe shi duka. Kada koren ya fito ko kaɗan."

Muna ɗaure fiffike na ƙarshe Auta ta dawo daga aiki. Kafin in buɗe mata ƙofa ya tura guntayen ƙarƙashin mota da ƙafa.

"Baba, robar ta iso ke nan?" ta ce, fuskarta ta washe.

"Ta iso."

"Ka gani? Na ce maka za su kawo. Kawu tela, sannu da aiki."

Na amsa ina kallon sifanar da ke hannuna. Ban taɓa jin dattijon nan ya yi ƙarya ba sai ranar. Shi ma bai yarda idonmu ya haɗu ba. Da zan fita ya riƙe mini hannu a bakin ƙofa. Hannun ba nauyi ko kaɗan.

"Na san bakinka," ya ce.

"Baba..."

"Na san bakinka, tela. Amma ba ni da wani."

Da yamma majalisa ta cika. Mai aski ya hango baƙin fenti a farcena ya ce, "Yau kuma fenti ake ɗinkawa?" Bakanike yana gefe yana goge hannu da tsumma. Labarin ya taso mini har bakin leɓe, da yadda zan fara shi, da inda zan kwaikwayi murya, da inda bakanike zai faɗi ƙasa don dariya. A duk shekarun da na yi a layin nan ban taɓa samun labari mai daɗinsa ba, kuma sai da na ji haushin rasa shi. Wannan haushin ya ƙara ba ni kunya. Na ce man keken ɗinki ne, na taka keken da ƙarfi don kada a sake tambayata.

Nakamfani bai ƙara fitowa ƙofar gida ba. Na shiga duba shi na tarar an matsar da gadonsa kusa da taga, inda yake hango motar. Bai yi maganar tiyo ba, ni ma ban yi ba. Ya dai tambaye ni ko an yi ruwa a wajenmu kamar yadda aka yi a wajensu, muka yi dariya, don katanga ɗaya ce.

Wata safiya ina share gaban shago na ji kukan Auta ta saman katanga.

An yi ruwa sosai a makon, hanyar makabarta ta yanke, ƙananan motoci ba za su iya ba. Auta ta ce a ɗauke shi a jif ɗinsa. Ta miƙa wa bakanike makulli, shi ne zai tuƙa. Ya zaga motar yana duba tayoyi, kamar yadda ya saba, sai ya tsaya a tayar baya. Ya sa yatsa ya bi robar. A wajen lanƙwasa fentin ya ɗan ɓantale, koren ya leƙo, bai fi ƙwayar wake ba.

Mai aski ya matso. "Sabuwa ce ko? Kai, Allah ya jiƙan Baba. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sa wa motar nan jabu ba."

Bakanike ya dubi koren, ya dubi famfon tsakar gida, sannan ya dube ni. Mutumin da aka sha kunyatawa a gaban jama'a saboda kayan mota, yau ga tasa damar a ƙarƙashin yatsansa. Auta tana tsaye a bakin ɗaki tana jin mu.

"Tela, an ce kai ka taya shi ɗaurawa," in ji mai aski. "Daga ina aka kawo ta?"

"Ta kamfani ce," na ce.

Bakanike ya jima yana kallona. Sannan ya sunkuya, ya dangwali baƙin mai a jikin ƙafar motar da babban yatsa, ya shafa a wurin kamar mai share ƙura.

"Ta kamfani ce," ya ce. "A fito da shi."

Muka sa shi a baya. Motar ta fita a hankali, ta tsallaka kwatar bakin layi, tayar gaba sannan ta baya. Ba ta yi ƙara ba.

Da muka dawo na shiga gidan in kwashe tabarmi. Wani ya bar famfo a buɗe. Ragowar tiyon da ke bakin famfon yana kwance a ƙasa, bai fi kamu uku ba, ruwa yana zuba a kan siminti, can nesa da bishiyar lemun tsamin da dattijon yake ba ruwa kowace yamma. Ganyenta ya fara lanƙwashewa. Na cika bokiti na kai mata.