Tabon Hannun Hagu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ina kunyar a san na yi kishin tabo.

A ɗakunan bayan gidan Alhaji a Nassarawa muke zaune. Maigidana direba ne, mijin maƙwabciyata Tamar kuma kuku. Mako guda ne tsakanin haihuwarmu, shekarar da ake raɗe-raɗin an sa wani abu a rigakafi. Maigidana ya ce ba mai taɓa masa yaro. Tamar kuwa ta kai 'yarta asibiti aka yi mata allurar tarin fuka.

Da wurin ya yi ƙurji, daɗi na ji, Allah ya yafe mini.

Na ce, "Maƙwabciya, ba ki tsorata ba?"

Ta yi dariya. "Sista ta ce ta kama ke nan. Naki fa, sai yaushe?"

Kullum wajen wankan jarirai idona na kan ɗan tabon da allurar ta bar wa 'yarta. Hannun ɗana sumul, ba abin da ke kare shi.

Wata la'asar maigidana yana wanke mota da singileti, sai na hango irin tabon a damtsensa na hagu. Na matso da yaron, na jera hannunsa da na ubansa. Ya daɗe yana kallo.

"Inna ce ta kai ni," ya ce, ya ci gaba da goge gilashi.

Washegari na goya yaron a gabansa, na ƙwanƙwasa wa Tamar ƙofa ta raka ni asibitin.