Saƙon da Ya Rabu Uku

Lesieli ta sake danna maɓallin, karo na huɗu ke nan, ta zuba wa wayar da ke fuskar kwamfutarta ido. Ba wayar gaske ba ce, hotonta ne kawai a cikin manhajar da ofishinsu na gargaɗin bala'i ke gwada saƙonni da ita kafin a tura wa jama'a. A gefe akwai jerin wayoyi iri-iri. Duk wadda ta zaɓa, saƙon zai fito kamar yadda mai riƙe da irinta zai gan shi. A manyan wayoyi ya fito lafiya lau. Da ta zaɓi ƙaramar waya mai madannai, irin ta tsofaffin ƙauye, sai ya rabu uku.

Kashin farko ya ce: "Gargaɗi. Guguwa za ta iso Vava'u da ƙarfe uku na rana. Kada"

Na biyu ya ce: "ku fake a zaurukan coci na bakin ruwa. Ku ɗauki ruwan sha da abinci."

Na uku ne ya ce a hau makarantun da ke kan tudu kafin ƙarfe ɗaya.

Ta duba agogon bango. Goma saura ashirin na safe, kuma da ƙarfe goma aka ce a tura. A nan Nuku'alofa, babban birnin ƙasar, sama ta yi duhu ne kawai, amma can arewa, a tsibiran Vava'u inda aka haife ta, iska ta fara kaɗa itatuwan kwakwa tun asuba.

"Yallaɓai, don Allah zo ka ga wani abu."

Manase, shugaban sashensu, ya taso yana gyara tabarmar da ke ɗaure a ƙugunsa bisa al'adar suturarsu. Tun jiya bai je gida ba. Ya sunkuya ya karanta, ya sake karantawa.

"To, mene ne? Ai duk kalmomin suna nan."

"Suna nan idan duka ukun sun iso, kuma a jere. Idan layi ya yi rauni, na biyun zai iya riga na farko. Zai ma iya zuwa shi kaɗai. Karanta shi shi kaɗai ka ji."

Ya karanta a hankali, leɓunansa na motsi. Ya miƙe tsaye.

"Me ya raba shi? Na watan jiya ya fi wannan tsawo."

"Alamomin saman wasula. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa ɗari da sittin, amma da zarar an sa alamar nan ko guda ɗaya ce, sai ya koma saba'in. Na watan jiya babu su."

"Shi ya sa aka yi ta zaginmu a rediyo, wai ba mu iya rubuta harshenmu ba." Ya shafa ƙeyarsa. "Lesieli, kwamiti ne ya rubuta wannan, shugaba ya sa hannu. An ce ko ɗigo kada a taɓa. Yanzu haka yana can taro da ministoci, wayarsa a kashe."

"Mu cire alamomin kawai."

"A kan maganar wannan abin wasan naki? Bara ba shi ne ya ce taswirarmu ba za ta buɗe ba, ta kuma buɗe a wayar kowa? Ki kawo mini wayar gaske in gani da idona."

Gaskiyarsa ce game da bara, abin da ya fi damun ta ke nan. Ta bi tebur-tebur tana tambaya, kowa babbar waya gare shi. Har wurin maigadi ta je, shi ma 'yarsa ta aiko masa da sabuwa daga Auckland, can ƙasar waje. Ta dawo ta zauna. Goma saura minti goma sha biyu.

Mutum ɗaya ta sani mai ƙaramar waya, kuma a kan layin da ake magana. Gwaggo Siutiti, yayar mahaifinta, wadda ke zaune a wani ƙaramin tsibiri na Vava'u. A danginsu idan Gwaggo ta yi magana an gama, ko mahaifin Lesieli ba ya zama a tabarma ɗaya da ita. Lesieli ta kira don ta yi mata bayani tukuna. Layi a cike. Ta sake kira, haka. Ta dubi agogo, ta ce a ranta bari ta tura, kafin ya isa ta same ta. Ta sa lambar Gwaggo ita kaɗai, ta tura.

Allon rahoto ya nuna layuka uku. Na biyu ya koma kore, ya isa. Na farko da na uku suka tsaya a rawaya.

"Yallaɓai," ta ce. "Ga wayar gaske."

Manase ya duba allon, ya dube ta. "Lambar wa ce?"

"Gwaggona."

"Kin gaya mata gwaji ne?"

Ta riga ta kara waya a kunne. Layi a cike. Ta san Gwaggo sarai: ita ce shugabar matan da ke saƙar tabarma a ƙauyen, labari ba ya minti biyar a hannunta bai zaga gida talatin ba.

Manase ya ja kujera ya zauna kusa da ita. Bai yi faɗa ba. "Ci gaba da kira da hannu ɗaya. Da ɗayan rubuta mini sabo. Gajere, babu alama, kuma kada ki sa kalmar da in ta faɗi za ta juya magana."

Ta rubuta: "Guguwa za ta iso Vava'u ƙarfe uku. Ku hau makarantun kan tudu yanzu. Zaurukan coci na bakin ruwa haɗari ne. Ku ɗauki ruwa da abinci." Ta liƙa shi a manhajar, ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, har mafi tsufa a jerin. Ko'ina guda ɗaya ya fito. Ta buɗe shafin taswirar a ƙaramar wayar, ta ga hoton ya yi nauyi, ta cire shi ta bar sunayen makarantu kawai.

Manase ya kira shugaba sau biyu bai samu ba. Ya ɗauki biro, ya riƙe shi a kan takardar izinin turawa na ɗan lokaci.

"Shekara biyu suka rage mini in yi ritaya," ya ce, ya sa hannu. "Tura."

Goma da minti huɗu saƙon ya fita zuwa lambobi dubu goma sha ɗaya. Kore ya fara cika allon. Ta nemo lambar Gwaggo a ciki. Rawaya.

Sai kusan sha ɗaya wayar ta shiga.

"Gwaggo, Lesieli ce. Don Allah kina ina?"

"Ina zan kasance? Ina makaranta, muna share aji." Muryar Gwaggo ta zo a tsinke, iska na busawa a bayanta. "Ke ce kika aiko mini da wannan shirmen? Wane mai hankali zai fake a zauren nan? Ina yarinya ruwa ya shiga har kan bagadi."

Lesieli ta rufe ido, ta saki numfashi. "Kuskure ne, Gwaggo. Gwaji nake yi."

"Gwaji. Da ni." Gwaggo ta yi tsaki. "To na karanta wa Lupe shi, muna waya da ita lokacin da ya shigo. Na ce mata kada ta kula. Amma kin san Lupe, abin da gwamnati ta ce ya fi abin da na ce. Ta sa an kwashe mata kaya an sauka da ita da su zauren cocin."

Lupe tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, ita kaɗai take zaune tun da 'ya'yanta suka tafi ƙasar waje.

"Sabon saƙon bai same ta ba?"

"Ko ya same ta wa zai karanta mata? Bari in sauka."

"Gwaggo, a'a, ki aika wani. Iska ta…"

"Yaushe 'yar ƙanena ta fara gaya mini inda zan sa ƙafa?"

Layin ya yanke.

Daga nan aiki ya taso mata. Aka kawo saƙon jiragen ruwa, aka kawo na asibiti, aka kawo na tsibiran da guguwar za ta bi daga baya. Kowanne ta liƙa, ta ƙirga haruffa, ta bi wayoyin. Tsakanin saƙo da saƙo tana kira. Wata abokiyar aikinta ta ajiye mata rogo da kifi a gefen kwamfuta, har ya huce ba ta taɓa ba. Da ƙarfe ɗaya aka ce turken layin waya na wani tsibiri ya faɗi. Ta tambaya wanne, babu wanda ya sani. Ta shiga banɗaki ta wanke fuska, ta daɗe tsaye riƙe da bakin famfo.

Biyu da kwata wayarta ta yi ƙara.

"Mun hau," in ji Gwaggo. Haki take yi. "A baro muka turo ta, ni da matar limamin coci. Ruwa ya fara taɓa matakalar zauren."

"Allah na gode. Gwaggo, ke fa? Lafiyarki ƙalau?"

"Ni ƙalau. Tabarminta ne suka zauna a can. Guda tara, da babban zanen ɓawon itacen da ta yi shekara huɗu tana bugawa don bikin jikarta. Baro ɗaya ne, ko ita ko su. Tana nan a kusurwa, ba ta yi wa kowa magana ba."



"Ta ɗauka gwamnati ce ta yaudare ta," in ji Gwaggo. "Ban ce mata komai ba. Idan iska ta wuce, jirgin farko da zai taso, ki shigo shi. Ke za ki gaya mata da bakinki. Sannan ki zo da shirin zama, hannunta ya daina iya saƙa, naki kuwa lafiyarsa lau."

"To, Gwaggo."

Ta ajiye wayar. Manase na tsaye da littafin rahoton ranar a buɗe.

"Na rubuta cewa manhaja ce ta gano matsalar, na canja saƙon da izinina," ya ce a hankali. "Iyakar abin da za a tambaya ke nan. Sauran ba sai ya shiga ba."

Ta karɓi littafin ta karanta layukansa biyu. Ta karɓi biron kuma. A ƙarƙashinsu ta rubuta lokaci, goma saura minti tara, ta rubuta lambar Gwaggo da sunanta ita kanta. Sannan ta jawo wata farar takarda ta fara neman hutun mako uku.

"Uku?" in ji Manase.

"Tabarma tara ce," ta ce. "Kuma na manta yadda ake fara saƙar."